Ko Wane Kare Da Mai Shi

A wannan fili mun saba maganar taki da iri da shanun huɗa, mun yi ta tsutsar gero, mun yi ta ajiyar albasa. Yau kuwa zan ɗauko maganar wata dabba wadda ba ƙauyen da za ka shiga daga Sifawa har Kajiji ka rasa ta, amma ba safai a kan sami mai cewa tasa ce ba. Ba wata ba ce illa kare.

Ku lura da wannan. In saniya ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, kafin rana ta faɗi an san mai ita. Haka akuya, haka jaki. Amma ran da kare ya ciji yaro, sai ka ji ko wa yana cewa, "Ai ba nawa ba ne, zuwa ya ke yi kawai yana kwana a ƙofar gida." Alhali kuwa jiya da dare da ya yi haushi ya kori ɓarawon tumaki, maigidan nan har yabonsa ya yi. Watau muna son aikin kare, ba mu son nauyinsa. To, ni a ganina wannan rabin mallaka ita ce tushen duk wata fitinar kare a ƙasar Boɗinga da Shagari. Ra'ayina a taƙaice shi ne, wanda duk kare ke yi wa aiki, ya amsa sunan mai kare, ya ciyad da shi, ya yi masa allura. Wanda ba zai iya ba, kada ya ɗauko kwikwiyo tun farko.

AMFANINSA

Kada wani ya ce malamin gona ya rasa abin faɗi. Kare ma'aikacin gona ne kamar sa da jaki. Makiyayi a ruga ya san abin da kare ya ke yi masa tsakaninsa da dila. Mai lambu a fadama, ko a bakin madatsar ruwan Shagari, ya san wanda ke tsare masa albasa da tumatir sa'ad da barci ya ɗauke shi. Mafarauta kuwa ba sai an faɗa ba. Balle a wannan zamani na ɓarayin shanu, sau da yawa haushin kare shi ne labarin farko da gari ya kan samu cewa akwai baƙon dare.

Malamanmu kuma sun karantad da mu cewa shari'a ta yarda a ajiye kare domin tsaron gona da kiwo da farauta. Sun gaya mana labarin wanda aka gafarta wa sabo da ya shayad da kare mai jin ƙishirwa. Ashe ke nan ba mu da hujjar cin moriyarsa da dare, mu jefe shi da dutse da safe.

HAUKAN KARE

Babban abin tsoro ga kare shi ne ciwon nan da mu ke kira haukan kare. Mutane da yawa suna tsammani zafin bazara ke kawo shi, ko yunwa, ko iska. Ko kaɗan. Ƙwayar cuta ce, tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Kare ba ya haukacewa sai wani mai ciwon ya cije shi, shi ma wancan wani ne ya cije shi. In yawun ya shiga rauni, sai ƙwayar ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya ta kan ɗauki wata 2 ko 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Shi ya sa a kan ruɗu. Rauni ya warke, an manta, sa'an nan ciwo ya tashi. Cizon da ke kusa da kai, kamar fuska da wuya, ya fi saurin kaiwa, ga shi kuwa nan ne bakin kare ya ke kaiwa ga ƙaramin yaro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo ko wace shekara, galibinsu a ƙauyukan Afirka da Asiya. Cikin ko wane 100 kusan 99 daga kare suka samo shi, kuma 4 cikin 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Abin da ya fi ban tsoro, da zarar alamu sun bayyana ga mutum, ya fara firgita, ya kasa haɗiyar ruwa, to, sai dai addu'a. Ba asibitin da ke da maganinsa a wannan matsayi, ko a Sakkwato ko a Ingila. Amma kafin alamu su fito, a kan tare shi sarai. Ku riƙe wannan, don dukan magana a nan ta ke.

Mahaukacin kare iri biyu ne. Akwai mai faɗa, wanda zai bar gida ya yi ta yawo, yana cizon itace da dutse da duk abin da ya gitta, muryarsa ta sāke, yawu na dalala. Wannan ko wa ya san shi. Akwai kuma mai shiru, wanda zai laɓe a lungu, haɓarsa ta saki, baki buɗe, ƙafafun baya su mutu. Wannan shi ya fi cin mutane, don tausayi ya kan sa a matsa kusa. Ka'ida ɗaya ce, duk karen da halinsa ya juya farat ɗaya, mai faɗa ya yi laushi ko mai laushi ya yi faɗa, a nisance shi.

GARKENMU MA BAI TSIRA BA

Ciwon nan yana kama saniya da jaki da doki da raƙumi da tunkiya da akuya. Saniyar da ta kamu ta kan yi ta kuka ba fasawa da wata irin murya, ta daina cin abinci, yawu na zuba, tana yunƙuri kamar mai son yin kashi. Sai mai ita ya zaci wani abu ne ya maƙale mata a maƙogwaro, ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin bakinta. Don Allah 'yan'uwa, kada ku yi haka. Hannun manomi ba ya rabuwa da kaushi da tsagewa, ta nan yawun zai shiga. A ware ta, a kira malamin dabbobi.

Mahauta da dillalan dabbobi, ku ma da ku na ke. Dabbar da ta nuna waɗannan alamu bayan cizon kare ba ta yanka ba ce, ba ta kai wa kasuwa ba ce. Mai fiɗa shi ne farkon wanda ke cikin haɗari. Arhar da ka samu a kanta ba ta kai ranka ba.

IN KARE YA CIJI MUTUM

Ga abin yi, bi da bi. A karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, musamman mata, don su ke gida sa'ad da yaro zai shigo da kuka.

Na farko, a wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa har minti 15. Ko wane irin sabulu ya yi, ko na wanki ne. Minti 15 yana da tsawo, a duba agogo ko waya, kada a yi ƙiyasi. Wannan wanki kaɗai yana rage haɗari ƙwarai.

Na biyu, kada a zuba barkono ko toka ko ƙasa ko man mota, kada a ɗaure raunin tamau. Gashin karen da wasu ke ƙonawa su shafa, da hantarsa da wasu ke gasa wa wanda aka ciza, ba su tare komai. Mai fiɗar karen ma ya jawo wa kansa abin da ya ke gudu. In ka ji an ce wane ya yi haka ya warke, to, ko dai karen ba shi da ciwon, ko ƙwayar ba ta shiga ba.

Na uku, a tafi asibiti ran nan, ba gobe ba. In babu allurar a asibitin da ke kusa, a nemi takarda a wuce Sakkwato. Hanyar da ta taso daga Tambuwal ta ratsa Shagari da Boɗinga ba ta rabuwa da mota. Allurar ba guda ɗaya ba ce. A kan yi ran farko, da rana ta 3, da ta 7, saura kuma yadda likita ya tsara. In raunin mai zurfi ne, akwai wata dabam da a kan yi a bakin raunin. Wanda ya yi ɗaya ya daina don ya ga ciwo ya bushe, ya yi asarar kuɗinsa. Mai ciki da jariri duk a kan yi musu. Ko yaƙushi ne, ko lasa a kan gyambo, a nuna wa likita.

Na huɗu, in karen sananne ne, a tsare shi kwana 10, ana ba shi ruwa da abinci daga nesa. Karen da ke da ƙwayar a yawunsa ran da ya yi cizo ba ya wuce kwanakin nan bai nuna ciwo ko ya mutu ba. Amma ba a jiran cikar kwana 10 kafin a fara allura. A fara, in karen ya tashi lafiya, likita ne zai ce a tsaya. In kuwa ya zama tilas a kashe shi don yana bin mutane, kada a farfasa kansa, kada a taɓa shi da hannu tsirara. Da ƙwaƙwalwar a ke gwaji. A sanad da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. A Sakkwato kuma akwai asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

KISA BA MAGANI BA NE

Na san abin da wasunku za su ce. "Malam, ka tsawaita. A kashe karnukan gari duka a huta." Wannan ita ce al'adarmu. Ran da aka yi cizo sai samari su fito da sanduna, ko a zuba guba a bakin juji. Mai wannan ra'ayi ba mugu ba ne, tsoron 'ya'yansa ya ke ji. Amma mu tambayi kanmu, shekara nawa mu ke yin haka, ciwon ya ƙare?

Ba zai ƙare ta nan ba, ga dalili. Da an fara kisa, masu karnukan kirki sai su ɓoye nasu, ko su kai su ƙauyen dangi, in akwai mai ɗauke da ciwon a ciki an kai musu tsaraba ke nan. Karen da ya fi sauƙin kamawa shi ne na gida mai lafiya, mahaukacin kuwa ya riga ya yi nisa. Bayan wata biyu ɓarawo ya dawo, sai ko wa ya nemo sabon kwikwiyo wanda ba a san asalinsa ba. Jujin da karnukan gari suka bari kuma, baƙi daga daji su gaje shi. Gubar da aka zuba ta kashe kaji da angulu, wani lokaci yaro ya tsinta. An yi asara, an koma gidan jiya.

BAKWAI CIKIN GOMA

Abin da ya yi aiki a duniya shi ne allurar riga-kafi ga karnuka. Masana sun tabbatar in aka yi wa karnuka 7 cikin ko wane 10 na wuri allura, aka riƙa maimaitawa, ciwon ya kan rasa hanyar bi ya mutu don kansa. Misalinsa kamar wutar daji ce. In ka share gefen gonarka, maƙwabtanka suka share nasu, wuta ta zo ta rasa ciyawar kamawa. Karen da aka yi wa allura katanga ne tsakanin ɗanka da mahaukacin da ya fito daga wani gari. In ka kashe shi, katangarka ka rushe.

Ba tatsuniya ba ce. Ƙasar Meziko ta bi wannan hanya shekara da shekaru, tana yi wa karnuka allura kyauta, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ta rabu da mutuwar mutane ta hanyar haukan kare. Riga-kafin kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1885 wani Bafaranshe, Luwi Fastor, ya ceci yaro ɗan shekara 9 da shi. Ranar mutuwarsa, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar tunawa da wannan ciwo a duniya tun 2007, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 ta zama shekarar da su ke fatan a daina mutuwa da shi. Nan gida ma, cibiyar binciken ciwon dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka.

A kan yi wa kwikwiyo in ya kai wata 3, sa'an nan a sabunta ko wace shekara. A karɓi takardar shaida a adana ta tare da takardun gona. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin akuya ba, wani lokaci ma hukuma ta kan yi kyauta. Allurar mutum kuwa, da kuɗin mota zuwa birni sau uku sau huɗu, ta kan ci abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. A tabbata malamin dabbobi ne ya yi, daga cikin akwatin sanyi ya fito da ita, don allurar da ta sha rana a tebur ɗin kasuwa ruwa ce kawai.

Mafarauta su kan ce allura tana kashe wa kare zuciya, ta rage masa gudu da jin ƙanshi. Ba haka ba ne. Abin da ke rage wa kare gudu yunwa ce da tsutsar ciki. Karen farauta ma shi ya fi bukatarta, don shi ke gamuwa da dila da karnukan wasu garuruwa. Wanda kuma zai sayo kare daga nesa, ko ya karɓi kyautarsa, ya tsare shi gida, ya kai shi a yi masa allura kafin ya sake shi cikin gari.

HAƘƘINSA A KANKA

Karen da ya ƙoshi ba ya yawon juji, wanda ba ya yawo kuwa ba safai ya kan gamu da cizo ba. Ba a ce ka yanka masa rago ba. Ragowar tuwo, da ƙanzo, da ƙasari, da ɗan ƙashi, a kasko nasa na kansa, safe da yamma. Ruwa kuwa kada ya yanke. A bazarar ƙasar nan zafi ya kan wuce digiri 40, kare kuwa ba ya gumi kamar mu, da haki ya ke fid da zafi. Ma'aikata da 'yan kasuwa masu sayen manyan karnukan Turawa, ku ji da kyau. Ɗaure kare da gajeren sarƙa a tsakar rana, wai don ya yi zafi, zalunci ne, kuma ran da ya tsinke, ɗan gidan ya kan fara kamawa. A yi masa inuwa, a riƙa sakinsa cikin gida yana motsa jiki.

Akwai wata asara da kare ke jawo wa makiyayi ba a sani ba. Kun san tunkiyar da ta kan riƙa zagaya wuri ɗaya, kai a karkace, har ta mutu. Kun san kuma ƙullutun ruwan nan da mahauta kan tarar a huhu ko hantar raƙumi da saniya. Duka biyu 'ya'yan tsutsar cikin kare ne. Kare ya yi kashi a makiyaya, dabba ta ci ciyawar, ƙwan ya zama ƙullutu a jikinta. An yanka ta, an yanke wurin da ya ɓaci an jefa wa kare, tsutsa ta sāke girma a cikinsa. Mu da hannunmu mu ke juya wannan dutsen niƙa. Irin na huhu da hanta yana kama mutum ma, har sai an yi masa aiki a asibiti. Maganin abin, kan tunkiya mai zagaye da kayan cikin da suka ɓaci a binne su da zurfi ko a ƙone, kada a ba kare ɗanye. A riƙa ba shi maganin tsutsa wajen malamin dabbobi kamar bayan ko wane wata 3. A cire masa kaska, a nemi maganin ƙazuwa tun ba ta cinye gashin ba. Yara su wanke hannu da sabulu in sun yi wasa da shi.

In karyarka ta haihu, kada ka zuba 'ya'yan a kwando ka kai bayan gari. Waɗanda suka rayu su ne karnukan da ba mai su na baɗi. Ka nema musu masu riƙo na gaskiya, ko ka tsare ta gida sa'ad da ta ke neman namiji. Likitocin dabbobi kuma suna yin aikin hana haihuwa.

KARE YANA MAGANA

Lafiyayyen kare ba safai ya kan yi cizo bai yi gargaɗi ba. In ya sandare, gashin bayansa ya tashi, ya yi gurnani yana nuna haƙora, cewa ya ke a ja da baya. In ya ƙanƙame wutsiya tsakanin ƙafafu, kunnuwa a kwance, tsoro ya ke ji, matsoraci kuwa in ya rasa mafita sai ya kai baki. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce, a dubi sauran jikin.

A koya wa yara abu huɗu. Ba a taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana kan 'ya'yanta. Ba a jifan kare. In baƙon kare ya taso, ba a gudu, don gudu shi ke sa ya bi. A tsaya cik kamar itace, hannuwa a jiki, ba a kallonsa ido cikin ido, sai ya sunsuna ya wuce. Na huɗu shi ne babba. In kare ya cije ka ko ya yaƙushe ka, ka faɗa a gida nan da nan. Iyaye kuma ku yi alkawarin ba duka. Yaron da ya ɓoye cizo don tsoron bulala, shi a kan rasa.

ABIN DA NA KE ROƘO

Allurar mutum ɗaya ba ta isa gari, sai an haɗa kai. Ina roƙon iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni na Boɗinga da Shagari, ko wane mai unguwa ya sa a rubuta karnukan unguwarsa da sunan masu su. Wannan aikin yini ɗaya ne ga ɗan makaranta mai littafi da alƙalami. In an san yawansu, sai a kai wa ofishin dabbobi, a nemi rana guda a shekara, bayan an kai amfanin gona gida kafin a fara fita farauta, a yi shela, ko wa ya kawo nasa. Wanda aka yi wa a ɗaura masa alama a wuya. A haɗa da rugagen da ke kewaye, don kare bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Wanda ya kwana a Ɗanchadi yana iya wayar gari a ƙasar Shagari. Limamai su taimaka da faɗakarwa ran Juma'a, malaman makaranta su koya wa yara wankin minti 15.

Mu kan yi layi da shanunmu ran allura ba wanda ya tilasta mu, don mun san kuɗinsu. To, allurar kare ba don kare kaɗai ba ce, don shanun ne, da yaran da ke kiwonsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da kare, ya nemi malamin dabbobi cikin makon nan.

Allah Ya tsare mu da iyalinmu da dukiyarmu, Ya ba mu damina mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa.

Malamin Gona, Boɗinga.